SARKIN ZAZZAU ALIYU ƊAN SIDI: SARAUTA A ƘARƘASHIN IKON TURAWA

A cikin sarakunan da suka riƙi ƙasar nan a farkon zamanin Turawa, kaɗan ne sunansu ya zauna a bakin malamai da ɗalibai kamar Sarkin Zazzau Aliyu, wanda Zagezagi suke kira Alu Ɗan Sidi. Ya yi shekara 17 bisa gadon sarauta, watau daga 1903 zuwa 1920. Turawa ne suka naɗa shi, su ne kuma suka tuɓe shi, suka kai shi Lakwaja, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1924. A zamaninsa ne hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ƙasar Zazzau, a zamaninsa ne kuma aka yanki wani fili a arewacin kogin Kaduna aka kafa garin da ya zama hedkwatar Arewa gaba ɗaya. Saboda haka duk wanda yake zaune a Kawo, ko Unguwar Rimi, ko Unguwar Shanu, ko Tudun Wada, yana zaune ne a kan ƙasar da wannan sarki ya mulka, ya kuma kamata ya san labarinsa.

Labarin nasa kuwa labari ne na mutumin da ya karɓi sarautar kakanninsa daga hannun baƙi, ya yi ta ƙoƙarin riƙe ta yadda ya gada, alhali kuwa masu ikon ƙasar sun riga sun sake mata ma'ana.

Asalinsa

Aliyu ɗan Sarkin Zazzau Sidi Abdulƙadir ne, jikan Malam Musa Bamalli. Shi Malam Musa almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, shi ne kuma aka ba tutar jihadi ta ƙasar Zazzau a farkon ƙarni na 19. Da shi da Malam Yamusa suka ci Zariya, Sarki Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, daga baya 'yan'uwansa suka kafa garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja. Malam Musa ya yi sarauta har ya rasu a 1821.

Sarautar Zazzau ba ta zauna a gida ɗaya ba, kamar yadda ta zauna a wasu ƙasashe. Gidaje huɗu ne suka riƙa karɓarta: Mallawa, zuriyar Malam Musa, Barebari, zuriyar Yamusa, Katsinawa, zuriyar Abdulkarim, da kuma Sulluɓawa, gidan Abdussalami. Wanda yake raba gardama tsakaninsu shi ne Sarkin Musulmi, ta hannun Wazirin Sakkwato. Sakkwato ke naɗawa, Sakkwato ke tuɓewa, kuma ta sha yin haka. Ta tuɓe Sarki Abdullahi har sau biyu, ta tuɓe Sarki Sambo. Amma wanda ta fara tuɓewa shi ne Sidi Abdulƙadir, mahaifin Aliyu, tun bai cika shekara guda yana sarauta ba.

Watau ke nan Aliyu ya tashi ne a gidan da ya san daɗin mulki ya kuma san ɗacin rabuwa da shi. Bayan mahaifinsa, Bamalle ɗaya kaɗai ya sake yin sarauta a wancan ƙarni, shi ne baffansa Abubakar, shi ma shekarunsa kaɗan ne. Sauran zamanin duk Mallawa suna gefe suna jira. A cikin wannan dogon jira ne Aliyu ya yi karatu mai zurfi bisa al'adar gidansu, wanda aka sani da malanta da riƙo da ɗariƙar Tijjaniyya. Ya san Larabci, ya san fiƙihu, ya kuma naƙalci Hausa da karin maganarta ƙwarai da gaske.

Zuwan Turawa

A 1897 Muhammadu Kwasau na gidan Barebari ya hau gadon mahaifinsa Yero, da ƙarfin 'yan bindigarsa, ba da son ran Wazirin Sakkwato ba. Bayan shekara uku, ran 1 ga Janairu 1900, Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Turawa, ko da yake a lokacin yawancinta ba su ko taka ba. A 1901 suka ci Bida da Kwantagora. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya tsere musu ya faɗo ƙasar Zazzau yana ta'adi, har Kwasau ya ga ba shi da mafita sai ya nemi taimakon Turawa. Suka zo a farkon 1902, suka kawar masa da Nagwamatse, amma ba su koma ba. Suka kafa bariki a bayan gari, aka ajiye Kyaftin Abadi ya zama Razdan.

Shekarar ba ta ƙare ba sai da Turawa suka zargi Kwasau da haɗa baki da Kano, suka kama shi suka fitar da shi daga ƙasar. A shekarar nan ce kuma Magajin Kafi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a can, ya kashe Kyaftin Maloni ya gudu Kano. Daga Zariya ne sojan Turawa suka tashi a ƙarshen Janairu 1903, suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Da ƙura ta lafa sai aka waiwayi gadon Zazzau da yake ba kowa a kai, aka ɗauko Aliyu aka naɗa shi. Abin da Mallawa suka yi shekaru suna jira daga Sakkwato, sai ga shi ya zo musu daga hannun Nasara.

Sarauta da sharaɗi

Gwamna Lugga bai ɓoye wa kowa sharaɗin wannan sabuwar sarauta ba. A bayanin da ya yi a Sakkwato bayan cin garin, ya nuna cewa duk ikon da Fulani suka samu da yaƙi ya koma hannun Turawa da yaƙi, watau ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon sa haraji, da ikon mallakar ƙasa. Ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Kowane sarki sai ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, sa'an nan a ba shi takardar naɗi da sanda. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Aliyu ya san haka tun ranar da aka ba shi sandan.

Askin kuwa bai daɗe ba ya fara. Da farko ƙasar kanta aka rage. Kafi da Nasarawa da Jama'a, waɗanda suke kai gaisuwa Zariya tun zamanin kakanni, an cire su an haɗa da wani lardi dabam. Na biyu, an hana yaƙi da kamun bayi. Dokar bayi ta 1901 ta haramta saye da sayar da mutum, ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Ga talakawan kudancin ƙasar, waɗanda suka daɗe suna kwana da fargabar mahara, wannan doka rahama ce babba. Ga manyan Zariya kuwa, waɗanda arzikinsu yake a rumada inda bayi suke yi musu noma, gatari ne aka sa a gindin bishiya.

Na uku, an sake tsarin mulki. A da masu sarauta a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwansu a warwatse, jakadu ne suke kai da kawo. Wajen 1907 Turawa suka yanka ƙasar gunduma gunduma, suka ce kowane hakimi ya fita ya zauna a ƙasarsa, inda Di'o zai riƙa zagayowa yana duba littafin haraji. Daga baya aka kafa Baitulmali, wanda aka fara gwadawa a Katsina. Kuɗin da a da sarki yake karɓa ya raba yadda ya ga dama, yanzu sai an rubuta shigarsa da fitarsa, shi kansa sarki an yanka masa albashi.

Duk da haka Aliyu bai zama sarkin je ka na yi ka ba. Ya lura cewa Turawa kaɗan ne, ba su san ƙasar ba, ba kuwa za su iya tara ko sisi ba sai da shi. Ya lura kuma cewa abu guda da ya rage a hannunsa mai ƙarfi shi ne naɗin sarautu. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya buga littafi a kan mulkin Zazzau a 1960, ya nuna yadda Aliyu ya yi amfani da sabon tsarin gundumomi ya cika manyan sarautu da 'ya'yansa da danginsa da barorinsa, ya rage ƙarfin sauran gidaje. Wannan ba sabon abu ba ne a Zazzau, domin haka kowane gida yake yi in ya samu dama. Bambancin kawai shi ne, a da wanda aka tuɓe Sakkwato yake kai kuka, yanzu kuwa ofishin Razdan yana nan kusa, ƙafa ma tana kai mutum.

A fili kuwa bai taɓa ɗaga wa Turawa hannu ba. A 1906, lokacin da mutanen Satiru suka yi bore kusa da Sakkwato, aka kuma yaƙi Haɗeja aka kashe sarkinta, aka tuɓe Sarkin Katsina Yero, Zazzau ta zauna lafiya. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai ba sai an ce masa ya nemi ruwa ba.

Zamanin diga

Babban abin da ya girgiza ƙasar Zazzau a zamanin Aliyu shi ne aikin hanyar jirgi, wanda mutane suka sa wa suna diga, saboda abin haƙan da lebura suke aiki da shi. An taso da hanyar daga Baro a bakin Kwara, ta ƙetare kogin Kaduna, ta bi ta Zariya, ta isa Kano a 1911. Bayan wannan aka ja wata 'yar siririyar hanya daga Zariya zuwa Jos saboda kuza. Dubban mutanen da suka haƙa ƙasa suka ɗauki ƙarfe ba duka ne suka zo da son ransu ba. Turawa sukan faɗa wa sarki yawan mutanen da suke bukata, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagatai su shiga gida gida. Haka aka riƙa karɓar hatsi domin ciyar da su. Wanda aka raba da gonarsa bai ga Gwamna ba, dogarin sarki ya gani.

Diga ta kawo kuɗin Turawa hannun talaka, ta buɗe wa bawa hanyar gudu da hanyar samun abin fansa, ta kawo baƙi daga Kudu waɗanda aka zaunar a Sabon Gari, bayan ganuwa. Kamfanin auduga na Ingila ya kafa injin gurza a Zariya. Yaro ya fara ganin zai iya cin abinci ba tare da ubangida ba. Sarki Aliyu ya ga wannan duka da idonsa, ya kuma rubuta waƙa a kai, wadda aka sani da Waƙar Diga.

Kafa Kaduna

Diga ce kuma ta haifi Kaduna. Hedkwatar Turawa a Zungeru take tun 1902, amma wurin zafi gare shi da sauro, ga shi kuma nesa da manyan garuruwan Hausa. Da Lugga ya komo a 1912 domin shirin haɗa Arewa da Kudu, wanda aka yi a 1914, sai ya zaɓi wurin da hanyar jirgi ta ƙetare kogin Kaduna. Akwai ruwa, akwai fili, akwai jirgi, babu kuma wani babban birni ko babban sarki a kusa da zai yi musu inuwa. Ƙauyukan Gwari ne a warwatse a wurin, a cikin ƙasar Sarkin Zazzau. Soja suka fara tarewa a 1913, ofisoshin Gwamnati kuma suka ƙaura daga Zungeru a 1917. Aka shata bariki da gidajen Turawa da ofisoshi a arewacin kogin, aka sa su ƙarƙashin hukumar Bature kai tsaye.

Ta haka Aliyu ya zama sarkin da masu ikon ƙasa suka zo suka gina gidansu a cikin gonarsa. Sauran sarakuna suna da nisan da yake kāre su. Shi kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce a jirgi tsakanin fadarsa da teburin da ake yanke hukunci a kan sarakuna. Garin ya ci gaba da girma har a 1956 aka yi dokar da ta cire shi daga Lardin Zazzau ya zama ƙasar hedkwata mai zaman kanta.

Likita Mila da tuɓewar sarki

Akwai kuma wani maƙwabci da ya fi Kaduna kusa. Shi ne Likita Mila, ɗan mishan na C.M.S., wanda ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. A wancan lokaci babu wani babban birnin Musulmi a ƙasar Hausa da mishan suka samu irin wannan zama a cikin ganuwa. Mila ya ji Hausa kamar jakin Kano, yana shiga lungu lungu, masu ƙara kuma suka gane ƙofarsa. Da farko sun yi zaman mutunci da sarki, amma daga baya abin ya ɓaci. Sarki yana ganin baƙo ya kafa wata fada a cikin garinsa yana janye 'ya'yan Musulmi. Mila kuwa yana ganin zalunci ake yi wa marasa ƙarfi, ya riƙa rubuta wa hukuma abin da ya ji.

Shekara da shekaru manyan Turawa suna kau da kai, domin suna bukatar sarki mai ƙarfi, musamman a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, sa'ad da ake neman kuɗi da 'yan dako da soja daga hannun sarakuna. Da yaƙi ya ƙare, aka yi sabon Gwamna, Sir Hugh Clifford, a 1919, sai iska ta juya. Aka buɗe bincike a kan Sarkin Zazzau. Manyan tuhumomin su ne harkar bayi bayan an hana, da yin amfani da iko ba bisa ƙa'ida ba. Abokan hamayya na cikin gida, waɗanda suka daɗe suna jiran rana, suka sami bakin magana. A 1920 sarautarsa ta ƙare, aka naɗa Dalhatu na gidan Barebari.

Adalci ya wajaba a kan mai karanta wannan tarihi ta fuska biyu. Mutanen da aka riƙe cikin bauta bayan doka ta 'yanta su mutane ne masu rai da iyaye, kukansu kuwa ba ya zama ƙarya don kawai ta bakin ɗan mishan ya fito. Ta ɗaya fuskar kuma, Turawan da suka yi shari'ar su ne suka ƙyale bauta ta ci gaba a gidaje da rumada don kada noma ya tsaya, ba su soke ta ɗungum ba sai a 1936, su ne kuma suka riƙa neman leburan tilas ta hannun sarkin da suka zo suna tuhuma. Takardun Lardin Zazzau na wancan zamani suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda masu bincike suke duba su.

Lakwaja, inda aka kai shi, ta riga ta zama matattarar sarakunan da aka raba da ƙasashensu. Can Kwasau ya ƙare kwanakinsa, can Etsu Nupe Abubakar ya zauna, can kuma Aliyu ya tarar da takwaransa Sarkin Kano Alu Babba, wanda ya rasu a 1926. Kaburburansu suna nan a garin. Uba Sakkwato ta tuɓe shi, ɗa Turawa suka tuɓe shi. Mai naɗawa ne ya sake, hukuncin bai sake ba.

Abin da ya bari

Da sarauta kaɗai Aliyu ya dogara da ita, da yanzu sunansa layi ɗaya ne a jerin sarakuna. Abin da ya raya sunansa shi ne alƙalaminsa. Ya rubuta waƙoƙi da yawa da ajami, na wa'azi da na yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kuma na al'amuran zamaninsa. Cikin waɗanda suka shahara akwai Tabarƙoƙo, da Mu Sha Falala, da Waƙar Diga da aka ambata, da waƙar zuwansa birnin Kano, wadda ta shafi babban taron sarakuna da Lugga ya kira can aka yi hawan daba ran 1 ga Janairu 1913. Daga baya kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga tarin waƙoƙinsa da boko, ana kuma nazarinsu a sassan Hausa na jami'o'in ƙasar nan.

Masana sun shaide shi da gwanintar habaici da jera karin magana, ta yadda mai sauraro zai ji zafin magana amma ba zai iya nuna wanda aka nufa ba. Wannan gwaninta ta dace da halin da ya sami kansa. Sarkin da ya yi rantsuwar biyayya ba shi da bakin da zai fito fili ya soki masu sandan, ga kuma 'yan rahoto a kowace kusurwa ta fada. Farfesa Muhammad Sani Umar, a littafinsa na 2006 a kan yadda Musulmin Arewa suka fuskanci mulkin mallaka, ya sa waƙoƙin Aliyu cikin manyan shaidun abin da sarakuna suke ji a zuci game da zamanin Nasara. Rahoton Razdan yana gaya mana abin da sarki ya yi. Waƙoƙin su ne wurin da ake jin muryarsa shi kansa, abin da ba a samu ba daga yawancin sarakunan zamaninsa.

Gidansa kuwa ya biya kuɗin faɗuwarsa da tsada. Bayan Dalhatu aka naɗa Ibrahim ɗan Kwasau a 1924, sa'an nan Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku a 1937, duk Barebari. Daga nan sarauta ta koma gidan Katsinawa, Alhaji Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, sai Alhaji Shehu Idris wanda ya shekara 45 har ya rasu a watan Satumba na 2020. A cikin wannan tsawon lokaci Mallawa ba su bar fagen ilmi da aikin hukuma ba. A cikinsu ne aka sami Magajin Garin Zazzau Alhaji Nuhu Bamalli, marubucin Hausa, wanda ya riƙe Ministan Harkokin Waje a Jamhuriya ta Farko, aka kuma sa wa babbar makarantar fasaha ta Jihar Kaduna sunansa.

Ran 7 ga Oktoba 2020 Gwamnatin Jihar Kaduna, ƙarƙashin Gwamna Malam Nasiru El-Rufa'i, ta ba da sanarwar naɗa ɗansa, Alhaji Ahmed Nuhu Bamalli, Sarkin Zazzau na 19 a jerin sarakunan Fulani. Shi ne Bamalle na farko da ya hau gadon tun bayan Aliyu Ɗan Sidi, shekara 100 cif. Sanarwar kuwa daga Kaduna ta fito, watau daga garin nan da aka yanka a ƙasar Aliyu yana ji yana gani. Ikon naɗawa ya tashi daga Sakkwato ya koma hannun Turawa, ya tashi daga hannun Turawa ya koma hannun gwamnan jiha, har yanzu dai wanda yake bisa gadon yana da na sama da shi.

Sarki goma, zamani goma. Aliyu ya sami nasa zamanin mai wuya, ya yi abin da ya yi a cikinsa, na yabo da na zargi, ya tafi gaban Mai hukunci na gaskiya. Sandan da aka ba shi an karɓe, ƙasar da ya mulka an yanka ta, amma karatun da ya yi a shekarun jira babu Razdan da ya isa ya tuɓe shi daga kansa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.